Tambayoyi da amsoshi kan rayuwar mai cafe ƙwallo a gasar NFL: hanyar da Nelson Agholor ya bi daga Legas zuwa Super Bowl

Wanda ya saba da kallon tamaula irin tamu, idan ya ci karo da wasan da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa, abin da yakan fara jan hankalinsa shi ne mutumin nan da yake tsayawa can gefen fili shi kaɗai, ya sheƙa da gudu, ya waiwayo, ya daka tsalle ya cafe ƙwallo a sama. Amurkawa suna ce masa waid risiba, mu kuwa a nan za mu kira shi mai cafe ƙwallo. An zaɓi Nelson Agholor, haifaffen Legas, a matsayin ma'auni domin ya taka matakai da yawa na wannan sana'a a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa a Amurka, daga ɗaukaka zuwa benci, daga kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe da ake fitar da zakaran gasar, zuwa zama abin tsokana a bakin magoya bayan ƙungiyarsa.

Mene ne ainihin aikin mai cafe ƙwallo?

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili, kuma tsawon filin yadi 100 ne, ban da yankin cin maki mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ɓangaren da ƙwallo take hannunsa yana da dama huɗu ya matsa gaba da yadi 10, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Mai jifa, wanda suke kira kwatabak, yana da kimanin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ƙartin masu tsaron gida su cim masa, saboda haka a cikin wannan ɗan lokaci ne mai cafe ƙwallo zai kuɓuce wa mai gadinsa, ya isa wurin da aka shirya zai isa. Sau da yawa mai jifa yakan saki ƙwallo tun kafin mai cafewa ya juyo, yana mai dogaro da cewa zai taka ƙafa ya karya kwana daidai inda suka yi atisaye. In ya ƙara taku ɗaya ko ya rage, ƙwallon tana iya faɗawa hannun abokin gaba.

A gasar NFL dole ne ya sa ƙafafunsa biyu a cikin fili bayan ya cafe, yayin da a wasan jami'a ƙafa ɗaya ta wadatar. Idan ya shiga yankin cin maki da ƙwallo a hannu, ƙungiyarsa ta sami maki shida, wannan shi ne tacdawun. Akwai kuma aikin da ba a cika haskawa a talabijin ba, wato tare mai tsaron baya da ƙirji da hannu a lokacin da aka ba wani ɗan wasa ƙwallo ya ruga da ita, kuma masu horarwa suna lura da wanda yake yin wannan aiki da zuciya ɗaya.

Daga ina hanyar take farawa?

Daga makarantar sakandare take farawa, inda yara maza kimanin miliyan ɗaya suke buga wannan wasa a faɗin Amurka, galibi a daren Juma'a. An haifi Agholor a Legas ranar 24 ga Mayu, 1993, iyayensa suka kai shi Amurka yana da shekara biyar, ya tashi a birnin Tampa na jihar Florida. A makarantar Berkeley Preparatory ya yi wasa a matsayi daban-daban, yana gudu da ƙwallo, yana cafewa, yana kuma tsaron baya. Haka abin yake ga yawancin yaran da Allah ya ba su sauri, koci yakan sa su duk inda ake buƙata, sai sun shiga jami'a ake tsayar da su a wuri guda.

Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne auna waɗannan yara suna ba su taurari daga biyu zuwa biyar, kuma Agholor yana cikin waɗanda manyan jami'o'i suka yi rububin samu. Sai dai taurarin ba su faɗin komai game da abin da yaro zai zama. Cooper Kupp ya gama sakandare manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba, ya tafi ƙaramar jami'ar Eastern Washington, amma a kakar 2021 shi ya fi kowa a NFL yawan cafewa da 145, da yawan yadi da 1,947, da yawan tacdawun da 16.

Dole ne sai ɗan wasa ya bi ta jami'a?

Dokar NFL ba ta ce sai mai digiri ba, abin da ta ce shi ne sai an cika shekara uku da barin sakandare kafin a shiga zaɓen sabbin 'yan wasa. Tunda kuwa babu wata ƙaramar gasa mai ƙarfi da take renon matasa kamar yadda makarantun ƙungiyoyin Turai suke yi a tamaula, jami'a ce kusan hanya ɗaya tilo. Ana ba yaro gurbin karatu kyauta, shi kuma ya buga wa jami'ar wasa a gaban dubun dubatar 'yan kallo.

Agholor ya shiga Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka fi sani da USC, a 2012, ya tarar da Robert Woods da Marqise Lee a gabansa, ya zama sai abin da suka rage yake samu. Ya nuna kansa ta wajen karɓar ƙwallon da abokan karawa suka buga da ƙafa yana dawowa da ita, kafin gurbi ya buɗe masa. A 2014 ya cafe ƙwallo 104, ya ci yadi 1,313 da tacdawun 12, daga nan ya bar shekararsa ta ƙarshe ya nufi NFL. A zamaninsa ɗalibi ba shi da izinin karɓar kuɗi saboda wasa, amma tun daga Yulin 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a su sami kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ya sa wasu ba sa gaggawar ficewa kamar da.

Me ake aunawa a gwajin da ake yi a Indiyanafolis?

Kowace shekara a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris ana gayyatar matasa sama da 300 zuwa birnin Indiyanafolis, inda likitoci da masu horarwa na ƙungiyoyi 32 suke duba su. Ana auna tsayi da nauyi da faɗin tafin hannu da tsawon hannu, a duba tsofaffin raunuka, a yi musu tambayoyi a kan allo don a ga yadda suke fahimtar dabarun wasa. Abin da jama'a suka fi zuba wa ido shi ne gudun yadi 40, wato mita 36 da rabi. Agholor ya yi shi a daƙiƙa 4.42. Xavier Worthy ne yake riƙe da tarihin gwajin da daƙiƙa 4.21 da ya yi a 2024, ya karya na John Ross na 4.22 wanda ya kafa a 2017.

Labarin Ross ya isa ya nuna iyakar wannan ma'auni. Ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ɗauke shi na tara a zaɓen 2017 saboda wannan gudu, amma rauni ya hana shi sakat, bai taɓa zama abin dogaro ba. Gudu a miƙe cikin gajeren wando, babu hular kwano, babu mai tare hanya, ya sha bamban da iya tsayawa cak a tsakiyar gudu a juya, kuma wannan na biyun shi ne abin da yake raba mai cafe ƙwallo da mai gadinsa.

Yaya zaɓen sabbin 'yan wasa yake gudana, kuma zagayen farko tabbacin nasara ne?

Ana yin zaɓen a watan Afrilu cikin zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita take fara zaɓa, zakara kuma ya zo ƙarshe. Ana ɗaukar mutum 250 da 'yan kai, wajen talatin daga cikinsu masu cafe ƙwallo ne. Ɗan wasa ba shi da ta cewa game da inda zai je, kuma wannan babban al'amari ne ga mai wannan matsayi, domin abincinsa yana hannun mai jifa. Gwani da ya faɗa ƙungiyar da ba ta da mai jifa na kirki yana iya shafe shekaru yana gudu babu mai kai masa ƙwallo.

Zaɓen 2015 da aka yi a Chicago ya amsa kashi na biyu na tambayar. Masu cafe ƙwallo shida aka ɗauka a zagayen farko: Amari Cooper na huɗu, Kevin White na bakwai, DeVante Parker na 14, Agholor na 20 zuwa Philadelphia Eagles, Breshad Perriman na 26, sai Phillip Dorsett na 29. White da Perriman ba su buga ko wasa ɗaya ba a kakarsu ta farko saboda rauni. Cooper ne kaɗai a cikin shidan ya zama tauraron da aka yi tsammani. Can a zagaye na uku Seattle Seahawks ta ɗauki Tyler Lockett, a zagaye na biyar kuma Minnesota Vikings ta ɗauki Stefon Diggs na 146, kuma dukansu biyu sun yi wa biyar daga cikin shidan nan fintinkau. Abin da zagayen farko yake ba mutum shi ne kuɗi tabbatattu da haƙurin ƙungiya, domin shugaban da ya zaɓe shi ba ya son ya amsa cewa ya yi kuskure da wuri.

Wanda ba a zaɓa ba fa, shi ke nan tasa ta ƙare?

Ba ta ƙare ba, amma ƙofar ƙarama ce. Ƙungiya tana shiga sansanin horo a watan Yuli da mutum 90, a ƙarshen Agusta ta rage su zuwa 53, kuma a cikinsu masu cafe ƙwallo biyar zuwa bakwai kawai ake riƙewa. Wasu daga cikin waɗanda aka sallama suna komawa rukunin 'yan atisaye mai mutum 16, suna horo da ƙungiya ba sa buga wasa, ana biyan su mako-mako. Adam Thielen ya bi ta nan. Babu wanda ya zaɓe shi a 2013, ya je gwaji a Vikings, ya yi shekara guda cikin 'yan atisaye, ya shafe wasu shekaru yana bin ƙwallon da aka buga da ƙafa yana kayar da mai dawowa da ita, sai a 2017 ya ci yadi 1,276. Mai cafe ƙwallo na biyar ko na shida a ƙungiya, irin wannan aiki na wahala ne yake riƙe masa gurbinsa.

Me ya sa sabon shiga yakan sha wahala, ko da ya yi fice a jami'a?

Dalili na farko shi ne kundin dabarun wasa. A NFL ana iya kiran dabara ɗaya wadda hanyar da zai bi ta dogara da yadda masu tsaron baya suka tsaya bayan an fara, ya zama dole shi da mai jifa su karanta abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya ba tare da sun yi magana ba. Dalili na biyu shi ne masu gadi. Doka ta ba mai tsaron baya damar dafa shi da ture shi a cikin yadi biyar na farko, kuma wanda bai koyi yadda ake zame wa hannun ƙwararre ba, kafin ya ɓalle lokacin jifa ya wuce. Na uku kuwa yana cikin kai.

Agholor ya cafe ƙwallo 23 kacal a kakarsa ta farko, da yadi 283 da tacdawun ɗaya. An kori kocin da ya zaɓe shi, Chip Kelly, tun kafin kakar ta ƙare, aka kawo Doug Pederson da sabon tsari, aka kuma kawo sabon mai jifa, Carson Wentz. A Nuwamban 2016 a Seattle aka kai maƙura. Doka ta ce dole mutum bakwai na masu kai hari su tsaya a kan layin da aka ajiye ƙwallo, kuma a wata dabara Agholor yana cikin bakwai ɗin, sai ya tsaya baya da layin da ɗan taku. Aka jefa wa abokin wasansa Zach Ertz ƙwallo, ya ruga yadi 57 ya ci tacdawun, alƙalin wasa ya jefa tutarsa mai ruwan ɗorawa ya soke cin saboda tsayuwar Agholor. Jim kaɗan aka jefo masa ƙwallo babu kowa kusa da shi, ta suɓuce daga hannunsa. Bayan wasan ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa yawan tunani ne yake cin sa, yana matsa wa kansa fiye da kima. Pederson ya ajiye shi bai sa shi a wasan da ya biyo baya da Green Bay Packers ba. Matashi mai shekara 23 da ya fito ya faɗi irin wannan magana a birnin da magoya baya ba su da sassauci ya cancanci a yaba masa, domin da yawa a matsayinsa sukan ɗora laifin a kan mai jifa.

To me ya sauya har ya ɗauki kofi bayan shekara guda?

An sauya masa wurin tsayawa. Masu cafe ƙwallo iri biyu ne a taƙaice, akwai na can gefe kusa da layin fili, wanda yake fuskantar mai gadi gaba da gaba, akwai kuma na ciki, wanda yake tsayawa tsakanin na gefe da ƙartin layi, wato manyan 'yan wasan da suke jeruwa a kan layi suna kare mai jifa. Na ciki yana da sarari dama da hagu, yakan tsaya baya da layi yadda ba a saurin dafa shi, kuma sau da yawa wanda yake gadinsa bai kai shi sauri ba. A 2017 Eagles ta kawo Alshon Jeffery da Torrey Smith suka riƙe gefe, ta tura Jordan Matthews zuwa Buffalo Bills, aka mai da Agholor ciki. A wannan kakar ya cafe ƙwallo 62, ya ci yadi 768 da tacdawun takwas.

Wentz ya tsinka jijiyar gwiwa a Disamba, mataimakinsa Nick Foles ya karɓi jifa. Ranar 4 ga Fabrairu, 2018, a birnin Minneapolis, Eagles ta doke New England Patriots da ci 41 da 33, ta ɗauki Super Bowl na farko a tarihinta. Agholor ya cafe ƙwallo tara da yadi 84, kuma uku daga ciki a jere ya cafe su a harin ƙarshen wasa da ya mai da Eagles gaba. Wanda ya kammala wannan hari da tacdawun shi ne Ertz, mutumin da aka soke wa ci a Seattle wata goma sha huɗu da suka wuce. Hannun da ƙafar ba su canza ba tsakanin 2016 da 2017, wurin da aka ajiye mai su ne ya dace da shi.

Me ya sa suɓucewar ƙwallo take bin mai cafewa haka?

Domin kuskurensa a fili yake, kowa yana gani. Ɗan layi yana iya kuskure sau biyar mai kallo bai lura ba, amma ƙwallon da ta taɓa tafin hannu ta faɗi ƙasa ana sake nuna ta a hankali daga kusurwa uku. A Satumban 2019 a Atlanta, ana dab da tashi, ƙwallon da za ta iya ba Eagles nasara ta wuce ta tsakanin hannayen Agholor. Mako guda bayan haka gobara ta tashi a wani gida a Filadelfiya, wani mutum da ya taimaka wajen cafe yaran da ake miƙowa ta taga ya gaya wa gidan talabijin cewa su sun cafe nasu, ba kamar Agholor ba. Maganar ta zagaye Amurka cikin kwana ɗaya. Agholor ya amsa da yaba wa mutumin a kan ceton da ya yi, ya kuma gayyace shi da iyalinsa kallon wasa. Kakar ta ƙare masa da cafewa 39 da yadi 363 da ciwon gwiwa, kuma Eagles ba ta sabunta masa kwantiragi ba.

Nawa mai cafe ƙwallo yake samu?

Tun daga yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon shiga a ƙayyade yake gwargwadon lambar da aka zaɓe shi. Kwantiragin farko na shekara huɗu ne, ƙungiya kuma tana da zaɓin ƙara ta biyar ga wanda ta ɗauka a zagayen farko. Agholor ya sami dala miliyan 9 da ɗoriya a shekaru huɗun farko gaba ɗaya, ya kuma sami kusan adadin nan a shekara ta biyar ita kaɗai. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2024 dala 795,000 ne.

Babban kuɗi yana kwantiragi na biyu, shi ne abin da kowane matashi yake fatan ya kai gare shi da lafiyarsa. A Yunin 2024 Justin Jefferson ya sa hannu da Vikings a kan dala miliyan 140 na shekara huɗu, a Maris na 2025 kuma Ja'Marr Chase ya sa hannu da Bengals a kan miliyan 161. Sai dai adadin da jaridu suke bugawa yana iya ruɗar mai karatu, domin ba dukansa ne tabbatacce ba, ƙungiya tana iya sallamar ɗan wasa ta riƙe abin da ba ta lamunce ba. Akwai kuma iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, wanda ya kai dala miliyan 279.2 a 2025, shi ya sa in an biya tauraro ɗaya sai a nemi masu araha su cike sauran gurabe. Daga abin da ya shigo hannu kuma ake fitar da haraji da kason wakili.

Yaya rayuwa take bayan ƙungiyar farko ta sallami mutum?

Wanda ya cika kaka huɗu kuma kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama. A 2020 Agholor ya karɓi kwantiragin shekara ɗaya a Las Vegas Raiders a kan kimanin dala miliyan ɗaya, irin wanda ake karɓa don a wanke suna. A can aka mai da shi gefe, Derek Carr yana jefa masa dogayen ƙwallaye, ya cafe 48 ya ci yadi 896 da tacdawun takwas, wato kusan yadi 19 a kowace cafewa. Wannan ya jawo masa kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 22 a Patriots, inda bai kai yadi 500 a kowace kakar ba. A 2023 ya koma Baltimore Ravens a matsayin dattijon da ake dogara da shi ya cike gurbi kuma ya nuna wa matasa hanya, ya buga can har kakar 2024.

Bai taɓa cin yadi 1,000 a kaka ɗaya ba, wanda shi ne mizanin da ake auna manyan masu cafe ƙwallo da shi, saboda haka wanda ya ce bai kai matsayin da aka zaɓe shi ba yana da hujja. Amma kaka goma a gasar da yawancin masu shigarta ba sa wuce uku ko huɗu, tare da zoben da ake ba zakarun Super Bowl, wanda ya ba da gudunmawa ta gaske wajen samunsa, abu ne da ya fi ƙarfin a kira shi gazawa.

Wane irin rauni ne ya fi addabar masu wannan matsayi?

Na yau da kullum shi ne yagewar tsokar bayan cinya, ciwon masu gudu, sai gurɗewar idon sawu da karayar yatsu. Tsinkewar jijiyar gwiwa ko ta agara tana cin kaka guda, wani lokaci ta tafi da saurin da ba ya dawowa. Mafi haɗari shi ne karon da ake yi da shi a tsakiyar fili, idonsa yana kan ƙwallo, hannayensa a sama, bai ga mai zuwa ba. A Agustan 1978 irin wannan karo ya karya wuyan Darryl Stingley na Patriots a wasan share fage, ya rayu a keken guragu har rasuwarsa a 2007. A yau doka ta hana dukan kai ko wuyan mai cafewa a lokacin da ba zai iya kare kansa ba.

Akwai kuma cutar ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai take haddasawa, wadda ake kira CTE, kuma ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Masu bincike na Jami'ar Boston sun ba da rahoto a 2017 cewa sun same ta a ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da iyalansu suka bayar, ko da yake iyalan da suka ga alamun cuta su ne suka fi bayarwa. An same ta a Vincent Jackson da ya rasu a 2021 yana da shekara 38, da Demaryius Thomas da ya rasu a ƙarshen wannan shekarar yana da 33, dukansu masu cafe ƙwallo ne da suka yi suna. Duk iyayen da ɗansu yake sha'awar wannan wasa ya kamata su san wannan kafin su san adadin albashi.

Har tsawon wane lokaci mutum zai iya yin wannan sana'a?

Yawanci ƙarfi yana kai ƙololuwa tsakanin shekara 24 da 29, daga 30 kuma ƙungiyoyi sukan fara ja da baya. Calvin Johnson na Detroit Lions, mai tarihin yadi 1,964 a kakar 2012, ya ajiye wasa yana da shekara 30 saboda jikinsa ya gaji. Jerry Rice shi ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida. Ɗan magini ne daga jihar Mississippi, ya yi ƙaramar jami'ar Mississippi Valley State, San Francisco 49ers ta ɗauke shi na 16 a 1985, kuma shi ma ƙwallaye sun yi ta suɓuce masa a farkon kakarsa ta farko. Ya buga kaka 20, ya cafe ƙwallo 1,549, ya ci yadi 22,895 da tacdawun 197 ta hanyar cafewa, ya ɗauki Super Bowl uku. Ba a lissafa shi cikin masu tsananin gudu ba, abin da ya riƙe shi shi ne tsabtar takunsa da horon da yake ba kansa a lokacin hutu, har ya ci fiye da yadi 1,200 a 2002 yana da shekara 40.

Yaron da ya tashi a Najeriya ko Nijar ko Ghana yana da hanyar shiga?

Akwai hanya, amma ga wannan matsayi ta fi ƙunci. NFL ta buɗe shirin shigo da 'yan ƙasashen waje a 2017, kuma Osi Umenyiora, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya ya ɗauki Super Bowl biyu da New York Giants, shi ne jagoran neman matasa a Afirka. An yi sansanin farko a Ghana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. Yawancin 'yan Najeriyar da suka sami shiga ta nan manya ne masu tsayi da nauyi da ake sa su a layi, domin girman jiki ba a koyar da shi, aikin layi kuwa ana iya koya wa babba. Bin ƙwallo da ido ta kan kafaɗa ana cikin gudu abu ne da hannu yake sabawa da shi tun ƙuruciya. Moritz Böhringer na Jamus, wanda Vikings ta zaɓa a 2016, da Louis Rees-Zammit, tauraron wasan rugbi na Wales, dukansu sun gwada ba su buga wasan gasa ko ɗaya ba. Masu cafe ƙwallo 'yan asalin Najeriya da ake gani yau, irin su Rome Odunze da Chicago Bears ta ɗauka na tara a 2024 da Emeka Egbuka da Tampa Bay Buccaneers ta ɗauka a 2025, a Amurka suka tashi. Abin da ya fi kusa da matashin da yake gida shi ne nau'in wasan da ba a kayar da mutum, sai dai a fizge ƙyallen da ke ƙugunsa, wanda zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma kusan dukansa jifa ne da cafewa.

Me suke yi bayan sun ajiye wasa?

Wasu sukan koma horarwa, kamar Keenan McCardell da ya zama mai koyar da masu cafe ƙwallo a Vikings a 2021, wasu kuma sharhi a talabijin, kamar Cris Collinsworth da Ahmad Rashad, wanda ya musulunta a farkon shekarun 1970 ya sauya sunansa daga Bobby Moore. Steve Largent na Seahawks da Anthony Gonzalez na Indianapolis Colts sun shiga siyasa har suka zama 'yan majalisar wakilan Amurka. 'Yan ƙalilan ne ake shigar da su zauren gwarzaye na Canton a jihar Ohio, bayan sun cika shekara biyar da ritaya, kamar yadda aka shigar da Rice a 2010 da Johnson a 2021. Ga sauran, lambar da ta fi muhimmanci ita ce uku, domin wanda ya cika kaka uku da aka lissafa masa ya cancanci fansho, wanda bisa al'ada ake fara karɓa a shekara 55, da inshorar lafiya ta shekara biyar bayan barin wasa. Wanda aka sallama a kakarsa ta biyu yakan koma gida yana da shekara 24 ko 25 ba tare da ko ɗaya daga cikin biyun ba.